Zakin Hannun Riga

 Makon jiya wani aminina, Alhaji ne daga cikin fataken Maraɗi masu zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin saro kaya, ya tare ni da wata tambaya wadda ban taɓa zaton zan ji daga bakinsa ba. Muna zaune ƙofar shagonsa bayan la'asar sai ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wata ƴar halitta kwance bisa kujera a gidan wani abokin cinikinsa na can, gashi ya rufe ta ruf, ba ka ganin komi sai idanu biyu ƙwala-ƙwala da wani ɗan baƙin hanci kamar an danna shi da babban yatsa. Ya ce, "Malam, kai da ka yi maƙwabtaka da Nasara a Yamai, wannan kyanwa ce ko biri?" Na ce, "Alhaji, kare ne." Ya yi salati, ya sake duba hoton, sa'an nan ya fito mini da abin da ke ransa. Autarsa ta ga hoton ta ɗaga hankalin gida sai an sayo mata. Shi kuma, da yake idon ɗan kasuwa ba ya barci, ya fara lissafin cewa in ya shigo da mace da namiji, ƙila manyan gidajen Yamai su zama kasuwa. Na ba shi amsa nan take, amma da yake na san ba shi kaɗai ne irin wannan tunani ya taɓa ratsawa ba, na ga ya kamata in kawo zancen cikin wannan fili.

Sunan karen da Faransanci pekinuwa, wato ɗan birnin Pekin. Nauyinsa bai cika wuce kilo 5 zuwa 6 ba, tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa kamar taƙi guda. Yana da geza a wuya, da ƙirji mai faɗi, da ƙafafun gaba gajeru masu lanƙwasa kamar baka, abin da ke sa in yana tafiya ya riƙa rangaji sannu a hankali kamar basaraken da aka naɗa jiya. In ya sami kulawa yakan yi shekara 12 zuwa 14 a duniya. Wannan shi ne abin da ido ke gani. Abin da hoto ba ya nunawa shi ne hali, kuma ba za a gane halin pekinuwa ba sai an san gidan da ya fito.

Ƙasar Sin ba ta da zaki a dazuzzukanta. Amma da addinin Buda ya shigo musu daga Indiya, kusan shekara 2000 ke nan, ya zo da girmama zaki, har suka riƙa sassaƙa shi da dutse suna girkewa a ƙofofin fada da wuraren bauta. Masu kiwon karnuka na fada suka duƙufa wajen fitar da ɗan kare mai kama da wannan zaki na dutse. Sinawa ma suna da tatsuniya a kai: wai zaki ne ya ga wata ƴar ƙaramar birinya ya ji duk duniya ba wadda yake so sai ita, ya roƙa a rage masa girman jiki don ya aure ta, aka rage jikin, aka bar masa zuciyarsa yadda take. Ɗan da suka haifa shi ne pekinuwa. Tatsuniya ce, amma wanda ya ƙaga ta ya san karen ƙwarai.

Ɗaruruwan shekaru wannan kare yana cikin fada, babanni ne ke yi masa hidima, irin babannin da fadojinmu na da suka sani. Labari ya zo cewa talaka ba ya da ikon mallakarsa, kuma wanda ya sace shi ya sayi mutuwa da kuɗinsa. Mafi ƙanƙanta daga cikinsu, waɗanda ba su kai kilo 3 ba, a cikin hannun riga ƴan sarauta ke yawo da su, don rigunansu masu faɗin hannu ne kamar babbar rigarmu. To ku duba: ba a taɓa kai shi farauta ba, bai taɓa bin garke ba, ba a taɓa ce masa je ka ɗauko ba. Karnuka da dama an zaɓi iyayensu ne saboda jin magana da aiki. Shi kuwa an zaɓi nasa saboda ƙasaita da iya zama. Hali zanen dutse.

Yadda ya fita daga fadar kuwa ba labari ne mai daɗi ba. A 1860, ƙarshen yaƙin da Ingila da Faransa suka yi da Sin don tilasta mata buɗe kasuwanninta, har da cinikin ƙwayar ofiyom mai sa maye, sojojin ƙasashen biyu suka isa fadar shan iska ta sarki a bayan birnin Pekin cikin watan Oktoba. Sarki ya riga ya gudu. Suka wawashe fadar, sa'an nan ranar 18 ga watan, bisa umarnin Lod Elgin, Ingilishi suka cinna mata wuta. Cikin ganimar da aka kwasa har da ƴan karnuka biyar, waɗanda aka ce an same su a ɗakin wata gwaggon sarki da ta kashe kanta don kada ta faɗa hannun baƙi. Wani kyaftin mai suna Dun ya kai ɗaya ya ba Sarauniya Biktoriya a 1861, aka raɗa mata suna Luti, daga kalmar Ingilishi mai ma'anar kayan wawaso. Ko kunya babu. Sauran huɗun suka shiga gidajen manyan matan sarautar Ingila. A wannan shekara ta 1861 ne marubucin nan Biktor Hugo, wanda duk ɗan lakwal na ƙasarmu ya san sunansa, ya rubuta wasiƙa yana kwatanta ƙasarsa Faransa da Ingila da ɓarayi biyu da suka fasa gida suka raba kaya. Mu da muka san yadda kayan fadar Abome suka tafi Faransa a zamanin yaƙin 1892, sai a 2021 aka maido 26 daga ciki, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Daga nan pekinuwa ya zama abin yayi ga matan attajiran Turai da Amurka. Don ku ga inda darajarsa ta kai: da jirgin ruwan Titanik ya nutse a 1912, mutane fiye da 1,500 suka halaka, karnuka uku ne suka tsira, ɗaya daga ciki pekinuwa ne, mai shi ya shiga kwale-kwalen ceto da shi.

Ni kuwa ba a littafi na san shi ba. Shekarun baya, ina aiki a Yamai, gidan da nake haya katanga ɗaya ce ta raba shi da gidan wasu Nasara, miji da mata, kuma matar tana da irin wannan kare. Gardinsu wani dattijo ne mutumin ƙasar Adar, ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Mushe. Da yamma nakan zauna wurinsa mu sha shayi, ta haka na yi shekara biyu ina kallon wannan ɗan tsurut.

Abu na farko da na lura da shi: ba ya zuwa in an kira shi. Ba kurma ba ne, don ko takardar biskit aka taɓa a ƙuryar ɗaki yana ji. In Baba ya kira shi sai ya ɗago kai, ya dube shi daga sama har ƙasa, ya yi kamar yana auna maganar, sa'an nan ya mai da haɓarsa bisa ƙafafunsa. Baba yakan ce, "Mushe, na yi gadi gidan kwamanda, ban ga mai raina mutane kamar wannan ba." Masana halin karnuka suna sa pekinuwa can ƙasa a jerin masu saurin koyon umarni, sai wasu su ɗauka daƙiƙi ne. Ni ban yarda ba. Ya san sa'ar da madam ke dawowa daga buro, ya san ƙarar motarta cikin motoci, ya san ranar da za a yi masa wanka har ya ɓuya tun da safe. Abin da bai sani ba shi ne dalilin da zai sa ya bi umarnin wani. In aka daka masa tsawa ba ya rusunawa, sai ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Duka kuwa ba ya ƙara masa komi sai taurin kai da cizo. Da lallashi da ɗan abin taɓawa ake samun kansa, shi ma in ya ga dama. Ko koya masa inda zai yi bayan gida aiki ne na watanni.

Na biyu, mutum ɗaya ya sani. Mijin ne ke sayen abincinsa, kuku ne ke dafawa, Baba ne ke share inda ya ɓata, amma duk a wurinsa barori ne. Madam kaɗai ce mutum. In tana gida ba ya damunta da tsalle-tsalle irin na sauran karnuka, sai dai duk ɗakin da ta shiga ka same shi kwance nesa kaɗan yana kallonta. A nan ya fi kama da kyanwa. Baƙo kuwa ba ya yi masa wasa da wutsiya. Zai yi haushi, da wata murya wadda ta fi ƙarfin jikinsa, har sai ya tabbata an san ya ga shigowarka, sa'an nan ya juya maka baya. Ni sai da na yi wata shida kafin ya bar ni in taɓa kansa, kuma ran nan na ji kamar an ba ni lambar girma.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni mamaki, kuma shi ne haɗarinsa. Bai san shi ƙarami ba ne. Wata shekara ana saura kwana uku Babbar Salla na ɗaure ragon layyata a bakin ƙofa, balami ne fari wanda na yi wata biyar ina biyan kuɗinsa. Aka bar ƙofar maƙwabta a buɗe. Sai ga ɗan sarki ya fito yana rangaji, ya zo ya tsaya gaban ragon, ya buɗe ƙirji, ya shiga haushi. Ragon ya sunkuyar da kai ya ja da baya, kowa ya san abin da ke biyo bayan wannan. Kuna tsammani karen ya gudu? Ko taki ɗaya bai ja ba. Allah ya sa igiyar gajera ce, Baba ya yi tsalle ya sure shi, shi kuwa yana hannun Baba yana ta zage-zage da harshensu, wai a sake shi ya gama da ragon. Mun yi dariya har da hawaye. Amma da igiyar ta ƙara kamu ɗaya, da zance ya ƙare. Haka yake yi wa manyan karnuka, haka yake yi wa jaki.

Wannan ya kawo mu ga maganar autar Alhaji. Yaro in ya ga pekinuwa ɗiyar roba yake gani, zai so ya ɗauka, ya matse, ya ja gashi, ya goya. Shi kuwa karen ba ya ɗaukar wargi, wanda ya ci masa mutunci zai sha haƙori, ko ɗan wane ne. Ta ɗaya gefen kuma yaron na iya nakasa shi ba da nufi ba. Bayansa dogo ne bisa gajerun ƙafafu, faɗuwa daga hannu ko tsalle daga gado na iya taɓa masa ƙashin baya har ƙafafun baya su mutu. Idanunsa kuma a waje suke, ramin da ke riƙe su ba zurfi, ƙaya ko farce na yi musu rauni da wuri, har yakan faru idon ya fito daga gurbinsa in an finciki fatar wuyansa da ƙarfi. Gidan da ke da yara goma da almajirai masu shiga da fita ba wurinsa ba ne. Abokin zaman tsohuwa ne, ko mutum ɗaya mai natsuwa wanda ba ya son hayaniya.

Da a nan matsalar ta tsaya, da sai in ce kowa da abin da yake so. Amma akwai wadda ta fi ta, kuma ba laifin karen ba ne, ba ma laifin fadar Sin ba ne gaba ɗaya. Wanda ya dubi zanen da aka yi wa Luti a 1861 zai ga kare mai ɗan tsinin baki da gashi madaidaici. Masu gasar nuna karnuka na Turai ne suka yi shekara fiye da 100 suna zaɓen wanda ya fi shafaffiyar fuska da tulin gashi suna haɗa su, har hancin ya koma ciki. Ƙashin ya gajarce, amma naman da ke ciki bai ragu ba, sai ya cunkushe: ƙofofin hanci suka ƙuntata, naman can cikin ganda ya yi tsawo yana toshe maƙogwaro. Minsharin da masu shi ke cewa yana ba su dariya, wahalar numfashi ce. Kan jariran kuma ya yi girma, har sau da yawa sai an yi wa uwar aiki kafin a ciro su, kuma ba su cika wuce biyu zuwa huɗu ba. Alhaji, ga lissafin ribarka nan.

A 2003 wani pekinuwa mai suna Dani ya ci babbar gasar karnuka ta Ingila, wadda ake yi a birnin Barmingam. Da aka zo ɗaukar hoto sai da aka ɗora shi bisa ƙunshin ƙanƙara don kada zafi ya kayar da shi. A Ingila ke nan, cikin watan Maris, sa'ad da mutanen can ke cikin rigunan sanyi. A 2008 gidan talabijin na BBC ya nuna wani shiri a kan cututtukan da irin wannan kiwo ya jawo, abin ya tayar da ƙura har ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila ta sake ƙa'idar siffar pekinuwa, ta ce dole a ga alamar baki a fuskarsa. Ƙasar Holan ta wuce nan: a 2019 ta fitar da ma'auni na hana haɗa karnukan da bakinsu ya gajarce fiye da kima. Kamfanonin jiragen sama da dama kuma ba su yarda a sa irinsu a ɗakin kaya ba, don sun sha mutuwa a hanya.

Dalilin a fili yake. Kare ba ya gumi kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, iska na ratsa hanci da baki da harshe tana sanyaya jini. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 rai na cikin haɗari. To a Yamai ko Tawa cikin Afrilu da Mayu iskar da ke waje kanta tana kai 41 har ta wuce. Ka ɗauki dabbar da hanyar iskarta a toshe take, ka lulluɓe ta da bargo biyu na gashi, ka aje ta cikin wannan bazara. In hunturu ya zo kuma ƙura ta sami idanun nan buɗaɗɗu, ga kaska da ke samun maɓoya cikin gashin da sai an taje shi kusan kullum.

Karen maƙwabtana a ɗaki mai na'urar sanyi yake wuni. Wata shekara cikin Afrilu suka tafi hutu ƙasarsu, suka bar shi hannun Baba da dogon jawabi a rubuce, wanda ni na karanta masa. Kwana na tara aka ɗauke wuta tun da hantsi. Baba ya fito da shi inuwar bedi, ya aje masa ruwa, yana yi masa fifita da hularsa. Wajen azahar ya buga mini ƙofa, ya ce, "Mushe, zo ka gani, numfashin yaron nan ya sake." Na tarar harshensa ya yi shuɗi, yana wani gurnani kamar ana zuƙar ruwa da tsinke. Muka jiƙa shi da ruwan randa, na ɗauko babur muka nufi wurin likitan dabbobi, Baba na rungume da shi cikin rigarsa. Kafin mu isa ya mutu. Likitan ya ce ko da mun iso da shi da rai, da wuya. Da masu gidan suka dawo na je na ba da shaida cewa dattijon nan ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Madam tana kuka ta ce ta ji. Ƙarshen wata aka sallami Baba, bayan shekara bakwai a ƙofar gidan, da iyali a ƙauye suna jiran abin da yake aikawa. Har yau in na ga hoton pekinuwa shi nake tunawa, yana tafe da tabarmarsa da butarsa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne, in ƙasaita ake so a kare, muna da ita a gida. Mutanen Tawa sun san karen Azawak, wanda Buzaye da maƙwabtansu ke kiwo a wajajen Abalak da Cintabaradan, dogo siriri mai tsayin santimita 60 zuwa 74, gashinsa kamar an aske. Halinsa da na pekinuwa kusan ɗaya ne: ba ya sakin jiki da baƙo, ba ya roƙo, mai shi kaɗai ya sani. Bambancin shi ne jikinsa na ƙasarsa ne, yana tsare zango da dabbobi, yana kamo zomo da barewa cikin ranar da za ta kashe ɗan fadar Pekin kafin a gama shan shayi na biyu. Turawa sun fara kwasar shi zuwa ƙasashensu tun shekarun 1970, a can kuma sai an sa masa riga in sanyi ya zo.

Akwai kuma abin da ban ɓoye wa Alhaji ba, ko da yake fagen malamai ne ba nawa ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san an yi sauƙi ga karen kiwo da na farauta, an hana aje kare a gida haka kawai, kuma an yi magana a kan cin kuɗinsa. Pekinuwa ba ya kiwo, ba ya farauta, gadinsa kuma iyakarsa haushi. Na ce ya tambayi limaminsu kafin ya tambayi mai jirgi.

Alhaji ya yi shiru yana jan carbi, ya sake duba hoton. Can ya ce, "Malam, wato in kawo shi, in saya masa injin wuta, in ɗaukar masa mai taje gashi, sa'an nan in na kira shi ya ƙi zuwa?" Na ce, "Haka ne, Alhaji." Ya mai da wayar aljihu, ya ce a Gwanzu akwai wata rumfa da ake sayar da irinsu na roba masu batir, in an danna ciki su yi haushi su kaɗa wutsiya, zai sa a haɗo masa katan biyu cikin kwantenar da ke tafe, auta ta ɗauki ɗaya, sauran a baje su a shago kafin Salla.